Babi na Bakwai: An Kai Ta Wurin Gwaggonta

Idan budurwa ta ɓace daga dandali a unguwar Bagama ta da, aka kwana biyu ba a ga farantin tallarta a bakin kasuwa ba, ƙawayenta sukan leƙa gida su tambaya. Amsar uwa ba ta wuce kalma biyar: an kai ta wurin gwaggonta. Galibi gaskiya ce tsagwaronta, domin riƙo tsohuwar al'ada ce, da wuya ka sami gidan da bai ba da ɗa ba ko bai karɓi na wani ba. Amma wani lokaci maganar murfi ce, kuma duk babbar macen da ta ji ta, ta san wace irin tukunya aka rufe. Ba ta ƙara tambaya. Sai ta ce, "Allah ya dawo da ita lafiya," ta gyara mayafi ta wuce.

Kakata ce ta fara ɗaga mini wannan murfi, lokacin ta kai munzalin da tsoho ke faɗin abin da ya ga dama. Gidan da ta ba ni labarinsa yana nan har gobe, ba kuwa zan kwatanta shi ba. A shekarun 1950, garin nan na Suleja yana amsa sunan Abuja, Sarki Sulaimanu Barau na kan karaga, 'yar farin gidan ta yi ɓatan wata. Uwar ta gane tun daga yadda yarinyar ke toshe hanci in an jefa daddawa a miya. Ba ta yi kururuwa ba. Ta aika aka kirawo ƙanwar mijinta da ke aure a wani ƙauye ta wajen Izom, suka shige ɗaki su biyu. Bayan mako guda aka ji gwaggo ba ta jin daɗin jikinta, tana son mai taya ta aiki, yarinya ta bi ta. Ba a jima ba uwar ta fara tofar da yawu a gaban baƙi, tana cusa tsumma a ƙarƙashin zane, sannan ta ce za ta je duba mai jiki. Bayan girbi saƙo ya iso cewa haihuwa ta kama ta a can, ta sauka lafiya, an sami mace. Ranar bakwai maigida ya raba goro a ƙofar gida, liman ya raɗa suna, aka yanka rago. Da aka gama wankan jego suka dawo su uku. Da rana jaririya tana bayan tsohuwa, da dare tana ƙuryar ɗaki wurin mai nonon. Bayan yaye aka aurar da yarinyar can Keffi, ga wani falke mai mata ɗaya wanda aka gaya wa gaskiya ya ce ya ji ya gani. Jaririyar kuwa ta tashi kowa na kiranta Auta, tana kiran mahaifiyarta Yaya.

Na ce, "Iya, ke kin sani tun a lokacin?"

Ta ce, "Yo angona, wa bai sani ba? Macen da ta haifi bakwai a gabanmu, a ce ta yi na takwas ba mu ga ko kumburin ƙafa ba? Mun sani sarai. Mun kuma je barka, har da turmin atamfa. Mai 'ya mace a ɗaka ba ya tona asirin 'yar wani."

Na kawo wannan labari ne saboda wata magana da ta zama karin kumallon dattawa: wai a zamaninsu babu irin wannan. Harshen da suka bar mana bai goyi bayansu ba. Mutane ba sa laƙaba wa abin da babu shi suna, su kuwa sun bar mana cikin shege, sun bar mana ɗan gaba da Fatiha, wato wanda ya riga ɗaurin aure zuwa, sun bar mana tsintacce. Abin da za a yarda da su a kai shi ne bai yi yawa ba, dalilin kuwa ba a ɓoye yake ba. Tsakanin balagar yarinya da ɗakin mijinta babu wata doguwar tazara. Baba ta Karo, wata tsohuwa Bahaushiya da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta nuna 'yan matan zamaninta da shekara goma sha uku ko sha huɗu ake kai su ɗaki. A littafin nan ne kuma mai karatu na yau zai ci karo da abin da zai sa ya riƙe baki, wato tsarance: saurayi da budurwa su kwana wuri ɗaya, a yi hira da wasa, da sanin manya, bisa sharaɗin ba a ƙetare iyaka. Malamai sun daɗe suna yaƙar al'adar har ta mutu. Amma tana nuna mutanen da ba su ɗauki 'ya'yansu mala'iku ba. Sun san wuta, sun san auduga, sai suka sa masu tsaro: sarkin samari, shugabar 'yan mata, da waƙar gaɗa wadda habaicinta ya fi bulala zafi. Sannan ga daren farko yana jiran kowa. A wasu garuruwa in ango bai sami amarya yadda ake zato ba, sai a wayi gari a ga ƙwarya mai huda a rataye, ko a aika wa iyaye kwabo mai huda a cikin tukuici. Ba a cewa uffan, an kuwa gama magana. Rana ba ta ƙarya, in ji masu iya magana, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Wannan katanga ta auren wuri ba kyauta aka gina ta ba. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda ake yi wa masu yoyon fitsari aiki, ya ga wani ɓangare na kuɗin ginin. Wannan zance ne na wani babi.

In katangar ta tsage, aikin na mata ne. Uwa, kaka, gwaggo, ungozoma: su ke ganewa, su ke tsare yarinya da tambaya har ta faɗi suna, su ke shawarar ranar da za a gaya wa maigida da bakin da zai gaya masa. Uba shi ne na ƙarshen ji, kuma sau da yawa shi ne mai ɓata shiri. Wani ya ɗauki igiya, wani ya rantse in ba ta bar masa gida ba uwarta ta bi ta, wani ya daina zama a dakalin ƙofar gida, ya koma bin sahun baya a masallaci kamar shi ya yi. Laifin kuwa kan uwa yake fara sauka, ita ce ba ta sa ido ba, ita ce ta ɗora wa yarinya talla, ko da kuwa da ribar tallar ake cefanen gidan.

Hanyar da aka fi so ita ce a rufe da aure. A tura wani dattijo, ko a bi ta hannun mai unguwa, a sami iyayen yaron a asirce. In sun karɓa, sai a matso da rana, a ce kakar amarya ce ta matsa tana son ta ga biki kafin ta cika. A nan al'ada da littafi suka yi hannun riga. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da ita tun kafin Sarkin Zazzau Makau ya baro Zariya, tun kafin ƙanensa Abu Ja ya kafa wannan gari a 1828, ba a ɗaura wa mai ciki aure sai ta haihu, ko da wanda ya yi cikin ne zai aura. Malamin da ya sani ba zai ɗaura ba. Don haka ba a gaya masa, shi ma in mai hankali ne ba ya tsananta bincike. Daga nan sai lissafi. Mafi ƙarancin ciki a shari'a wata shida ne, malamai sun ciro shi daga haɗa ayoyi biyu: wadda ta sa ciki da yaye wata talatin, da wadda ta sa shayarwa shekara biyu. Duk abin da aka haifa bayan wata shida da aure na miji ne, ba mai raba shi da shi sai in shi mijin ya tsaya gaban alƙali ya yi li'ani, wato ya rantse ɗan ba nasa ba ne. Shi ya sa bakwaini ya yi yawa a cikin 'ya'yan fari. Kakata takan ce ta ga bakwainin da ya fi ɗan wata tara ƙiba, ta kuma yi masa addu'a kamar kowa.

In yaron ya musa, ko iyayensa suka ce ɗansu ba ya auren ragowar kansa, sai a koma ga gwaggo. Wata ta dawo da ɗan a matsayin ƙane, irin na Auta. Wata a bar shi can a hannun wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ya zama nata. Ita kuma yarinyar a nema mata inda za a rufa: tsoho mai mata uku, ko baƙon da bai san gari ba, ko a yi auren sadaka a kai ta gidan wani almajirin malami da tabarma da buta, a ce don Allah aka ba shi. Ba a tambayar ra'ayinta. Wadda ta jawo abin faɗa, a ganinsu, ba ta da bakin zaɓe.

Akwai kuma hanyoyin da ba a ba da labarinsu ko a tsufa. Akwai saiwoyi da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa yarinya cikin dare, in ta zo da ƙarar kwana a ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta. Akwai jaririn da ungozoma ke fitowa ta ce bai zo da rai ba, ba mai tambayar ko ya yi kuka. Akwai wadda aka kora da ƙullin kayanta, ta bi motar kasuwa zuwa Minna, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kaduna, ko ta gangara barikin ma'adinai na Jos, ta faɗa gidan magajiya. Da yawa daga matan da aka riƙa kira masu zaman kansu ba yawon duniya suka fita nema ba, ƙofar gida aka rufe musu. Duk mai yabon zamanin da, ya haɗa da waɗannan a lissafinsa.

Shi fa namijin? A nan ne na fi jin ɗacin al'amarin. A Malikiyya, saɓanin sauran mazhabobi uku, bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce a kanta, sai in ta kawo shaidar an fi ƙarfinta. Namiji kuwa ba a kama shi sai ya amsa da bakinsa, ko shaidu huɗu sun gani da ido. In ta ambaci sunansa ya musa, ta iya ƙarewa da bulala tamanin na ƙazafi a kan ɗari na zina. Hikimar tsananta shaida a fili take, an yi ta ne don kada a riƙa ɓata mutane da zato. Amma a aikace sai ta zama rigar da namiji kaɗai ke sawa, domin shi jikinsa ba ya ba da shaida. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya koma shagonsa. Bayan shekara ya yi aure da kiɗa da algaita, har a ce yaro ya natsu. Ana cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari. A wannan shari'a daddawar kaɗai ake kamawa.

Sai dai littattafan da suka tsananta, su ne kuma suka bar ƙofofi a buɗe, tsofaffin alƙalai sun san su ɗaya bayan ɗaya. Babbar ƙofar ita ce kwantacce. Malaman Malikiyya sun yarda ciki kan kwanta a mahaifa ya daɗe, har shekara huɗu ko biyar, kafin ya tashi. Saboda haka bazawarar da ta haihu shekara biyu ko uku bayan saki, ana iya jingina ɗan ga tsohon mijinta, ya sami uba, ya sami gado, ita kuma ta tsira. Likitan yau zai yi murmushi, ƙasashe irin su Masar da Maroko ma sun mayar da iyakar shekara ɗaya a dokokinsu. Ni dai ban ɗauka dukan malaman nan sun jahilci lissafin wata tara ba, mutanen da ke da mata da 'ya'ya a gida. Sun ga ƙofar rahama ce, suka ƙi rufe ta. Sun kuma karanta yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa kau da kai daga wanda ya zo yana tona kansa, da yadda ya mayar da matar nan Bagamidiya da ita ma ta zo ta tona kanta, har sai ta haihu, har sai ta yaye. Wanda ya tashi a kan wannan karatu ba ya ɗokin a kawo masa irin wannan ƙara.

Wanda bai sami ko ɗaya daga ƙofofin nan ba shi ne abin tausayi, ɗan da aka haifa kowa ya sani. Sunansa ba taro, ba maroƙi, wani lokaci ba rago, a raɗa masa a kunne da asuba a sallami wanzami. Yana gadon uwarsa, ba ya gadon wanda ya yi cikinsa. In ya yi faɗa da yara a dandali, da kalma ɗaya ake kayar da shi. In ya girma ya je neman aure, masu binciken asali su dawo da labari. Ko ya yi karatu ya fi kowa, littattafan fiƙihu sun karhanta a naɗa shi limamin dindindin, saboda abin da bakin mutane zai faɗa. Alhali malaman nan dai su ke karantar da cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Abin mamaki, kalmar da ke tsinka zuciyarsa ita muke wasa da ita a kasuwa: shegen yaro ga wanda ya burge mu, shegiyar mota ga mai gudu. Ga kowa raha ce, ban da mutum ɗaya a cikin taron.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne. A ƙasar Ayalan, cocin Katolika da gwamnati gidaje suka gina musamman don ɓoye irin waɗannan 'yan mata. Hukumar binciken da ta ba da rahoto a Janairun 2021 ta gano mata kusan 56,000 sun ratsa gidaje 18 tsakanin 1922 da 1998, yara kusan 9,000 kuma sun mutu a cikinsu, har shugaban gwamnati Micheál Martin ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Kunyar iri ɗaya ce. Bambancin shi ne su sun miƙa ta ga hukuma mai katanga da rajista, mu muka bar ta a hannun dangi. Hannun dangi na duka, amma an ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shekarar 1976 ce ta sauya wa garin nan ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. A watan Fabrairu gwamnatin Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin tarayya, aka ƙirƙiro Jihar Neja, daga baya sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja. A watan Satumba aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. 'Yan mata suka shiga aji, tazarar nan ta balaga da aure ta fara miƙewa daga shekara ɗaya zuwa biyar, zuwa goma. Leburori da ma'aikata suka cika gari, sai kuma waɗanda rusau ya koro daga Abuja bayan 2003. Bagama ta zama mazaɓa biyu, gidajen gado aka yanka su ɗaki-ɗaki aka zuba 'yan haya. Maƙwabciyar da za ta sani ta yi shiru ta je barka, yanzu ba ta san sunanka ba, ba ta kuma da 'ya a ɗakin da kai za ka rufa wa asiri gobe. Izom da ke da nisan kwana ta zama tafiyar ƙasa da awa ɗaya, gwaggo kuma tana da waya, maƙwabtanta ma haka.

Da jihohin Arewa suka faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa laifuffuka daga shekarar 2000, Neja a cikinsu a zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure, sai abin da ake kashewa a ƙuryar ɗaki ya fito gaban 'yan jarida. A Tsafe ta Zamfara an yi wa wata yarinya bulala ɗari a Janairun 2001, mazan uku da ta ambata suka musa aka sallame su. Safiya Husaini ta Tungar Tudu an yanke mata jifa a Gwadabawa, kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sake ta a Maris na 2002. Amina Lawal ta Kurami an yanke mata a Bakori, Funtuwa ta tabbatar, sai a 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta wanke ta, alƙalai huɗu cikin biyar, kuma cikin hujjojin da suka karɓa har da kwantacce. Tsohuwar ƙofar nan ce dai ta sake buɗewa. Mu ma nan kusa, a Agustan 2002, wata kotu a Sabon Gawu ta ɗaure wata bazawara da wani magidanci shekara biyar, ba a rufa wata ba aka mayar da hukuncin jifa, kafin a ba da belinsu a watan Oktoba. Ba a jefe kowa ba a cikinsu. Amma ka lura da waɗanda aka gurfanar: matan ƙauye, marasa karatu, waɗanda suka amsa da bakinsu don ba su san shari'a ta ba su damar yin shiru ba. 'Yar mai hali ba ta taɓa tsayawa a wannan layi ba, ita asibitin kuɗi ne gwaggonta.

Yau sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yadda aka haife shi, akwai kuma gwajin jini da ke iya nuna uba ko ya rantse. Duk da haka ba a daina tsintar jarirai a kwali a bakin kwata ba. Mun saki dabarun kakanninmu na rufin asiri, wasunsu ma gara da aka sake su, amma kunyar da ta haife su mun riƙe ta da hannu biyu, muka bar yarinya 'yar shekara goma sha shida ta ɗauke ta ita kaɗai a banɗakin gidan haya.

Saura ƙarshen labarin Auta. Tsohon da ya yanka mata rago ya rasu tana da 'ya'ya huɗu. Da aka zauna rabon gado, malamin da ya zo rabawa ya fara lissafa magada, sai liman ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai wasiyya," ya zaro takardar ajami daga aljihu. Marigayi ya bar wa Auta ɗaki biyu da wata gona a bakin rafin Iku, abin da bai kai sulusin dukiyarsa ba. Zauren ya yi tsit, domin duk wanda ya yi karatun zaure ya san ba a yi wa magaji wasiyya. Tsohon ya riƙe maganar shekara talatin, amma bai yarda ya haɗu da Ubangijinsa da gadon ƙarya ba, bai kuma yarda jikarsa ta tashi hannu wofi ba. Malam ya karanta takardar sau biyu, ya cire sunanta daga jerin 'ya'ya, ya fitar mata da nata kafin na kowa. Babu wanda ya yi tambaya, 'ya'yanta ne ke noma gonar har yanzu.